Farin Zanin Kak Rohana

Ran nan da na samo muku tikiti kuka zo kallon wasa, duk abin da kuka faɗa a jirgin ƙasa muna komawa unguwarmu ta Taman Melati a kunnena kuka faɗe shi. Fa'iza ce ta fara. Ta ce, "Anti Binta, wallahi aikinku is so easy. Ki rataye kaya, ki sauke kaya, ki kalli show kyauta." Kuka kwashe da dariya, wani dogo a cikinku ya ƙara da cewa shi bai ga dalilin da za a tono wasan da ya girme shi a sake yi ba, kamar an rasa sabon labari a duniya. Dambe ai a wurin ɗan kallo yake da sauƙi. Ban tanka muku ba a lokacin, domin ƙafafuna suna zugi kuma jirgin a cike yake, amma maganar ta tsaya mini a rai. To yau ga amsarku.

Aikina ba shi da suna guda da Hausa, sai dai in kwatanta muku. Ni ce mai kayan 'yan wasa a wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo da ke saman wani babban kanti a wajen Bukit Bintang, nan Kuala Lumpur. Ni nake ɗinka kayan, in wanke, in goge, in gyara abin da ya yage. Idan an fara wasa kuma sai in sa baƙaƙen kaya da baƙin hijabi in tsaya a gefen labule cikin duhu. 'Yar wasa za ta fito daga dandamali a guje tana haki, in tuɓe mata wata riga in zura mata wata, ta koma ta zama wata mace dabam kafin mutum ya gama karanta Fatiha. Mata nake yi wa, maza suna da nasu mai yi musu. Duk alfaharin mai wannan sana'a shi ne a gama wasa a watse ɗan kallo bai san da shi a ginin ba.

Ba neman aikin na yi ba. Malam na biyo, maigidana, da ya samu koyarwa a jami'a, na taho da kan keken ɗinkina a akwati naɗe cikin zannuwa. Ina ɗan yi wa matanmu na Najeriya ɗinkin Sallah da na suna a falo. Wata rana na shanya rigar 'yata a baranda, da na leƙo sai na ga wata tsohuwa 'yar Malay, maƙwabciyarmu, ta kama rigar ta juya ta baibai tana bin ɗinkin da farce. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wannan wace irin tsohuwa ce mai binciken shanyar mutane. Ta ɗago ta ce da ni da Turancinta guntu-guntu, "Ke kika ɗinka? Cikin ya fi wajen kyau. Boleh," wato za ki iya. Ita ce Mak Cik Timah, Mak Cik ɗin kamar gwaggo ne a wurinsu, wadda ta daɗe tana riƙe da ɗakin kaya na gidan wasan, idonta ya fara rauni tana neman mai kama mata. Malam ya je ya ga wurin da idonsa, aka daidaita takardu, na fara bin ta.

Aikin farko da ta sakar mini ni kaɗai rigar sarauniya ce a wani wasan tatsuniya. Na ce yau za su san 'yar Kano ta zo gari. Na ciro wata shuɗiyar shadda da nake ta ɓoyo, na yanka, na ɗinka, na sa mata sitaci har tana iya tsayuwa da kanta. Da 'yar wasan ta sa ta fito a wurin gwaji, kowa ya yaba, ni kuma ina ta hura hanci. Sai ta ɗaga hannu za ta yi magana. Mai kula da sauti ya cire abin kunnensa ya ƙwala ihu daga bayan zaure, "Wa ke cin keropok a kan dandamali?" Keropok shi ne soyayyen abin nan nasu mai ƙaras-ƙaras. Ashe ɗan makirufon da ke maƙale a wuyanta duk motsin shaddar yake kwasowa, ƙwaram-ƙwaram, har ba a jin abin da take faɗi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Mak Cik Timah ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tsoma rigar a baho ta ce in yi ta murza sai ta yi laushi. A gidan biki so ake a ji shigowar mace tun daga zaure, a dandamali kuwa tufa ba ta da izinin magana. Ban daddara ba. Ba a jima ba warin gumi ya ishe ni, na kawo kasko da turaren wuta na turara kayan mawaƙa tas. Ranar tari suka yi ta yi a madadin waƙa, aka kuma haramta mini kunna ko ashana a ginin.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Almakashi babba na yanka, da ƙarami da nake ratayawa a wuya. Allurai da na riga na zura wa zare, baƙi da fari da ja, a soke a gaban rigata, domin a cikin duhu babu mai lokacin neman kafar allura. Fil mai kulle, tef na awo, alli, da 'yar tocila da nake riƙewa da haƙora saboda hannayena duka suna aiki. Zif ban yarda da shi ba, ranar da ka fi bukatarsa ranar yake cijewa. Akwai wata da zif ya yi wa haka ana saura ƙiris ta fita, a jikinta na ɗinke rigar tana tsaye tana karkarwa, da aka gama wasa kuma da almakashi na fito da ita. Abin mannawar nan da ake ɓarewa shi ma ƙararsa har layin gaba ake ji. Mak Cik Timah ta koya mini aiki da igiya da maɓallin ƙarfe mai ɗanawa, ta koya mini shimfiɗa riga a ƙasa a buɗe kamar bakin rijiya, 'yar wasa ta taka ciki kawai in ja sama. Takan ɗaure mini ido da ɗankwali ta tsaya ta ce in sa mata kaya, in na kama mata fata ta zage ni da Malay.

Su kuwa 'yan wasa, Allah ya shirye su, ina son su kamar 'ya'yana, amma babu mai gaskiya a cikinsu idan aka zo maganar awo. Mace za ta tsaya a gabanki ta rantse ƙugunta bai ƙaru ba tun bara, alhali jiya kin gan ta a mamak, rumfar mai shayinsu, ta sa gurasar roti da shayin madara a gaba. Ba na musu da su. Ina barin rara a cikin ɗinki kamar yadda muke yi wa yara a gida, in saki a ɓoye, ita kuma ta yi ta murna rigar bara ta shige ta. A wannan lungun duhun na ga manyan taurari jikinsu na ɓari, na ga mai amai don tsoro, na ga wadda aka yi wa rasuwa da safe ta fita ta ba mutane dariya da yamma. Abin da na gani a nan, a nan nake barinsa, sai wanda mai shi ta yarje mini in faɗa.

Tunda kun ce kallo nake yi kyauta, bari in ba ku ra'ayina na 'yar kallo, ko da yake ni duk wasa daga gefe nake ganinsa, ƙeyar mutane na fi sani. Sababbin wasannin da ake yayi yanzu, mutum biyu da kujera ɗaya, sanye da wandon da suka zo da shi daga gida, suna ta yi wa juna tsawa a kan ƙuruciyarsu, wasu suna da kyau, ban hana ba. Amma rabinsu da a rediyo aka sa su babu abin da za a rasa. Wasannin waƙa da ake kwasowa daga Turai kuma, a sa wa yaron Kuala Lumpur kwat ɗin ulu da hular sanyi ya yi ta tsalle a ƙarƙashin fitilu, ni nake matse gumin, ni na san abin da ke ciki. Ga kuma sabon salon da ake haska hoton gari a bango maimakon a gina shi, 'yan wasa su koma kamar ƙudaje a gaban talabijin. Ni a wurin wanki nake gane wasa mai kyau. In 'yar wasa ta yarda da abin da take faɗi, rigarta a jiƙe take dawo mini har gadon baya, in kuwa aikin albashi take yi, ko guga ba sai na sake ba. Tsofaffin wasannin da ake farfaɗowa, waɗanda kuke rainawa, ai da tsohuwar zuma ake magani. Ba kowanne ba dai. Akwai wanda ake tonowa don kawai an san zai cika zaure, a yi shi kamar ɗumamen tuwon shekaranjiya. Akwai kuma wanda zamani ne da kansa yake komowa ya same shi. Irin na biyun ne kuka kalla ran nan, in ma kun ɗago kai daga waya.

Labarinsa na matar wani mai jirgin fito ne a ƙauyen bakin kogi, mijinta ya fita ranar ambaliya bai dawo ba. A farko matashiya ce cikin jar riga mai ado da fure a ka. Sai a ga tana bin gaɓar kogi a guje tana kiran sunansa, fitila ta mutu, makaɗa su ci gaba da kiɗa, fitila ta dawo a gan ta tsohuwa cikin farin zani da farin mayafi, ta yi doguwar waƙar da kowa yake zuwa dominta. Kak Rohana, wato Yaya Rohana, ita ce ta fara yin wannan matar tun tana budurwa, Mak Cik Timah tana sauya mata kaya, daga baya na gaji aikin. Yadda kuka gani ran nan ba haka ake yinsa a da ba. A da fitila na mutuwa za ta rugo ta faɗo hannuna, in fige jar riga in ɗaura mata fari, ta koma ta kama waƙa ko hutawa ba ta yi ba. Mace ce mai ƙirji, mai faɗa, mai kyauta. Ba ta zuwa gwaji sai ta yi mana tapau, wato ƙunshin nasi lemak, shinkafar kwakwar nan tasu, daga unguwar Kampung Baru, kuma ba ta tafiya sai ta zagi wani.

Sai korona ta zo. Muna tsakiyar shirin wani wasa aka ce kowa ya tafi gida, na bar riguna a rataye da fil a jikinsu ina cewa mako mai zuwa zan ƙarasa. Gidajen wasa suna cikin waɗanda aka fara rufewa, kuma sai can baya aka tuna da su. Mai fitilunmu ya koma kai abinci a babur, wata mai rawa ta koma sayar da kek ta waya. Ni kuma na koma falo ina ɗinka takunkumi da ragowar atamfa, Malam yana ɗaki yana koyar da ɗalibai ta kwamfuta, yana leƙowa yana roƙona in tsayar da keke. An gwada yin wasa ta kwamfutar ma, kowa a ɗakinsa, daga ƙirji zuwa sama. Na kalli ɗaya na kashe, don na san duk da gajeren wando suke zaune.

A shekara ta biyu cutar ta ɗauke Mak Cik Timah. Ba a ba da gawarta ba, haka dokar lokacin take a kan kowa. Ma'aikatan asibiti cikin kayan roba su suka yi mata sutura, 'ya'yanta suka tsaya daga nesa, mu kuma a waya aka gaya mana. Matar da ta ƙare rayuwarta tana sa wa mutane kaya, babu hannun wanda ya san ta ko ɗaya a tufarta ta ƙarshe. Abin ya ci ni ƙwarai, har yau bai sake ni ba. Ba a daɗe ba aka ce Kak Rohana ma tana asibiti an sa mata iska. Ita Allah ya yi da sauran kwana, ta fito, amma ta baro rabin numfashinta a can.

Ranar da aka ba mu izinin buɗewa, ina murɗa makullin ɗakin kaya wari ya buge ni sai da na ja da baya. Ƙasar nan da danshi, ga na'urar sanyi a kashe tun tuni. Fumfuna ta yi wa riguna fari-fari da kore-kore, takalma sun tsiro gashi, kwat-kwat ɗin Turawan nan kuwa sai shara. Na yi kwanaki ina jidar kaya zuwa saman bene ina shanyawa ina gogewa da ruwan khal. Farin zanin wasan fito a ƙasan akwati na same shi, Mak Cik Timah ta naɗe shi da busasshen ganyen pandan mai ƙamshi a tsakiya, ko ɗigo bai yi ba.

Daraktanmu, Mista Kumar, ya ce da wasan fito za a buɗe, kuma Kak Rohana yake so, domin mutane sun gaji da baƙon abu, fuskar da suka sani suke nema. Ta zo gwaji a rame, rigar da nake sakar wa rara a ɓoye yanzu sai da na tsuke ta. Muryar tana nan, daɗinta bai tafi ba. In ta huta tana tsaye a wuri ɗaya, takan kai waƙar ƙarshe. Abin da ya gagara shi ne ta yi gudun bakin kogi, ta rugo a sauya mata kaya, ta koma ta kama waƙa nan take. Za ta iso hannuna ƙirjinta kamar zai tsage, in ɗaura mata zani, ta fita, ba ta yi nisa ba murya ta yanke. Hutu take bukata, kuma babu inda za a samo mata shi. Aka gwada tsawaita duhun, sai wasan ya yi sanyi, don ba a barin ɗan kallo ya zauna yana kallon baƙi. Aka ce ta riƙa motsa baki a sa muryarta ta da da aka naɗa, ta ce gara a binne ta. Mista Kumar mutumin kirki ne, amma ya riga ya sayar da tikiti, ga ma'aikata sun daɗe ba aiki. Ya ja ta gefe, ina jin su ta bayan rigunan da ke rataye. Ya ce, "Kak, gwajin ƙarshe ranar Alhamis. In waƙar ba ta kai ba, yarinyar za ta yi. Sorry lah." Yarinyar ita ce 'yar ko-ta-kwana da ake ajiyewa ta haddace komai saboda irin wannan rana. Kak Rohana ta juya ta bar wurin. Sai da ta zo ina cire mata kaya ta ce da ni a hankali, "Binta, in na sauka wannan karon ba zan sake hawa ba. Na san kaina."

Ranar Alhamis da rana aka yi gwajin, da kaya da fitilu da makaɗa kamar gaske, zaure babu kowa sai darakta. Farkon ya tafi lafiya. Aka zo wurin gaɓar kogi, ta yi gudun, ta kira mijin, ta sake kira, fitila ta mutu. Na shimfiɗa hannu ina jira. Kiɗa na tafiya, babu Kak Rohana. Da na leƙa sai na hango inuwarta a tsakiyar dandamali ta dafa gwiwoyi, ta kasa ɗaga ƙafa. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina ban yi ba. A sana'armu in mai kaya bai zo ba, kayan ne suke zuwa wurinsa. Na rungumi farin zani da mayafi na fita.

Shi kuwa mai fitila ya ga lokacinsa ya yi, ya kunna. Sai ga ni tsamo-tsamo a tsakiyar haske da baƙin hijabi da takunkumi, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na fara aikin. Gudu ba zai yiwu ba, ga mace a hannuna tana neman faɗuwa. Figar kaya irin ta duhu ma ba ta yiwuwa a gaban ido, sai in tsiraita ta. To sai na yi mata yadda ake yi wa mara lafiya a gida. Na fara yafa mata zanin na rufe ta, na ɓalle jar rigar ta ƙarƙashi na zare a hankali, na ɗaura, na gyara, na cire furen da ke kanta, na lulluɓa mata mayafi. Makaɗa da suka ga haka suka yi ta maimaita kiɗan a sanyaye. Ina jin haƙarƙarinta a tafin hannuna yana bugawa, yana lafawa. Na tattara jar rigar na koma duhu ina jiran a balbale ni da faɗa. Ta ɗaga kai ta kama waƙa, ta yi nisan da ba ta taɓa yi ba bayan gudu tun da ta dawo, sai a dogon jan nan na ƙarshe muryar ta karye.

Mista Kumar ya hau dandamali ya daɗe yana shafa kai. Sannan ya ce, "Kak Binta, abin da kika yi yanzu, boleh ki sake? Kullum, a gaban mutane, kuma a hankali fiye da haka?" Na ce masa ni ba 'yar wasa ba ce, matar aure ce, kuma duk matan Najeriya da ke garin nan sun san ni. Ya ce in na yarda, zai bar Kak Rohana ta buɗe wasan ranar Lahadi a gani, in ban yarda ba, ba shi da wata dabara. Ita tana zaune a kan akwati tana shan ruwa, ba ta roƙe ni ba, ko kallona ba ta yi ba. Da ta roƙa da abin ya fi mini sauƙi.

Na samu Malam yana cin tuwon shinkafa, na zauna ina ta kewaye-kewaye. Ya ce, "Waƙa za ki yi?" Na ce a'a. Ya ce, "Rawa?" Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce, "To me za ki yi?" Na ce zan sa wa mace kaya. Ya ce, "Ai aikin da kike yi ke nan shekara da shekaru, Binta, fitila kawai aka kunna. Sai dai ki shirya wa bakin matan unguwa, wannan ba ni da maganinsa." Ya kuwa yi gaskiya. Na ɗauka takunkumi zai ɓoye ni, ashe ɗaurin zani zai tona ni. Daga baya wata da 'yarta ta ja ta kallo ta ce tun daga yadda aka soke gefen zanin ta san hannun Kano ne, kafin mako ya zagayo har an raɗa mini suna 'yar fim. Na bar su da bakinsu.

Ranar Lahadi wasan rana ne. An bar kujera babu kowa a tsakanin mutum da mutum, kowa da takunkumi, ba ka ganin komai sai idanu. Yawancinsu manya ne, waɗanda suka kalli wasan tun a farkonsa. Da fitila ta dawo a sanyaye na fita, wallahi na ji tsoron da ban ji ba ko ranar da na fara hawa jirgin sama. Na yafa mata zanin. Ta raɗa mini ta gefen baki, "A hankali, Binta, kada ki yi mini aikin 'yan kwana-kwana." Na sassauta. Ina cikin ɗaura mata sai na ji wani sauti daga zaure wanda ban taɓa ji a wannan gaɓar ta wasan ba. A da, a waƙar mutane suke kuka. Yau tun ba ta buɗe baki ba suka fara, daga nan, daga can, ana jan hanci a cikin takunkumi. Sai a lokacin na gane abin da suke gani. Mace ce take sa wa 'yar'uwarta farin ƙyalle da hannunta, a natse, babu roba a tsakani, kuma kusan duk wanda ke zauren yana da wanda bai samu ya yi wa haka ba. Ni ma ina da tawa. Na gyara mata mayafin yadda aka koya mini, hawaye na jiƙa mini takunkumi, na ɗauki jar rigar na fita.

To ku masu cewa tsohon wasa aka maimaita, kun ji. Ba a taɓa kalma ɗaya ba, kiɗan shi ne na da, zanin ma shi ne. Mutanen da ke zaune ne suka dawo da abin da ba su zo da shi ba a wancan karon, haka ita ma mai waƙar.

Na tsaya a gefen labule rungume da rigar. Yarinyar ko-ta-kwana tana kusa da ni ta damƙe mini hannu, ita ma addu'a take yi, Allah ya yi mata albarka. Kak Rohana ta fara. Muryar ba ta kai ƙarfin ta da ba, tana ɗan karcewa nan da can, kuma hakan ya fi dacewa da tsohuwar da ta gaji da jira. Ta wuce inda ta saba yankewa a gwaji. Aka zo dogon jan nan da ya kayar da ita ranar Alhamis, ni ma na daina numfashi. Ta ja shi, ta ja shi, ta ajiye shi da kanta a inda take so, sannan fitila ta mutu.

Tafin da aka yi ba zan iya kwatanta muku ba, kuma ba shi ne a gabana ba. Na riga na turo kujera kusa, na shimfiɗa hannu ina jiran ta faɗo. Ta shigo da ƙafafunta, ta ture kujerar da gwiwa. Ta kama hannuna ta ɗora a kan ƙirjinta, ta ja iska mai tsawo har na ji ta cika.

Ta ce, "Kin ji, Binta? Akwai saura."